Famfon da Irimiya Ya Yaba

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, kusan kowa a Birnin Kebbi ya ɗan lashi wani abu. Akawu ya zama babban akawu, masinja ya sami keke. Alhaji Labbo kuwa, shugaban Ƙungiyar Manoman Shinkafa da Albasa ta Bakin Gulbi, ya tashi daga bencin bayan Landiroba ya koma kujerar gaba, inda Baturen ƙungiyar yake zama kafin ya tattara komatsansa ya koma garinsu. Abin da bai ji ko ƙanshin 'yancin kan nan ba shi ne gwiwar Irimiya ta dama.

Irimiya shi ne direban Landirobar. Mutumin kudancin Zariya ne, aikin hanya ya kawo shi ƙasar Kabi tun yana da ƙuruciya, ya zauna, ya auri Dinatu, suka haifi Paulina. Tuƙi bai taɓa damunsa ba. Rairayi ne ya cinye shi. Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan fadama duk rairayi ne mai laushi, kuma mota ba ta ratsa shi da taya cike tam, sai ta nutse har ciki. Dole direba ya sauka ya rage iskar tayoyin nan huɗu su yi taushi, su baje kamar tafin raƙumi, sannan a wuce. Da an hau burji kuma dole a mai da iskar, in ba haka ba tsakuwa ta yayyaga tayar. Rage iska aikin ɗan tsinke ne. Mai da ita kuwa, sai a fito da tsohon famfon ƙafa, Irimiya ya ɗora ƙafar dama ya yi ta taka shi cikin rana, manya suna gindin itace suna hirar siyasa.

Shekara da shekaru ana haka, har gwiwar ta fara kumbura da yamma tana saɓewa da safe, daga baya ma ta daina saɓewa. Malamin asibiti ya matsa ta, ya girgiza kai, ya gaya masa ba tare da kwana-kwana ba cewa in bai rabu da famfon nan ba, rana na zuwa da zai nemi taka birki ƙafar ta ƙi. Irimiya ya san abin da wannan ke nufi. Alhaji yana da suruki, Abdussamadu, wanda ya taɓa tuƙa motar gyaɗa har ya kayar da ita a kwalbati, kuma tun ranar da Bature ya tafi yake zagaya Landirobar nan yana shafa ta. Ranar da gwiwar Irimiya ta kasa, ranar makulli zai canza aljihu.

Ana cikin haka Allah ya taimaki Irimiya, tsohon famfon ya mutu. Fatar cikinsa ta ruɓe, yana shan iska yana mai da ita ta inda ta shigo. Kwamiti ya zauna, aka sha muhawara kamar za a sayi jirgin sama, a ƙarshe aka yanke cewa Alhaji Labbo da Maigandi ma'aji za su tafi Argungu da direba su zaɓo sabo. A Argungu akwai wani Kalilu da ya saye tarkacen Turawa masu tafiya gida a gwanjo, ya cika rumfa da su.

Irimiya ya riga ya san abin da ke rumfar. Wani zuwa da suka yi ya hango shi cikin kwandon kusoshi: ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, da dogon tiyo a naɗe. Ya taɓa ganin irinsa wurin wani Baturen haƙar rijiyoyi. Fulogi ɗaya ake cirewa daga inji, a ɗaura ɗan ƙarfen a gurbinsa, a kai tiyon bakin taya, a tayar da mota. Shi ke nan. Inji ne zai yi ta hura iskar, direba yana tsaye da hannu a aljihu kamar mai kallon kokawa. Tun ranar da ya gan shi yake mafarkinsa.

Matsalar ita ce Maigandi. Mutum ne da in za a fitar da kuɗin ƙungiya sai ka ce haƙorinsa za a cire. Ya riga ya faɗa a gaban kwamiti cewa duk abin da mai kaya ya tsuga wa kuɗi, ko daga Aljanna aka sauko da shi, nan za a bar shi.

Wannan ne ya sa Dinatu ta zaunar da mijinta da safe kafin ya fita. Ita kifi take saye a bakin gulbi ta soya ta sayar, kuma masunta kansu in sun hango ta sai su fara salati. Ta daɗe tana jin takaicin yadda Irimiya yake ciniki. Mutum ne da zai tsaya gaban mai tabarma ya ce kai, wannan tabarma ta yi kyau, ya daɗe yana neman irinta, sannan ya tambayi kuɗinta. Ba a nan abin ya tsaya ba. Shi ne ya taɓa gaya wa wani mai sayen albasa daga Ikko cewa ta ƙasan buhun ta fara ruɓewa, alhali albasar ta ƙungiya ce, kuma Alhaji na tsaye a wurin. Tun daga ranar ake cewa a kasuwa, in kana son ka ji aibin kayanka, kira direban nan mai zuwa coci.

Ta ce masa, "Baban Paulina, yau ɗaya dai ka yi irin ta mutanen garin nan. Abin da kake so, kushe shi. Ka zage shi tas, har mai shi ya ji kunyar ajiye shi. Ka sami wani can da ba ka so, ka yi ta yabonsa. Su Alhaji 'yan kasuwa ne, da ka fara za su gane, su ƙarasa maka."

Ya ce ai wannan ƙarya ce. Ta ce ba ƙarya ba ce, ciniki ne, kowa ya san dokarsa, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, har limamai da fastoci haka suke sayen rago. Ta nuna gwiwar da ta kumbura ta cika ƙafar wando, ta tambaye shi ko ita ce za ta ci gaba da biyan kuɗin gaskiyarsa. Ya ɗingisa ya fita. Amma duk tsawon hanya, tun daga Ambursa har suka hango ganuwar Argungu, leɓensa na motsi yana haddace zagi.

Rumfar Kalilu sai wanda ya gani. Akwai bahon wanka, da kejin aku babu aku, da agogon bango mai hannu ɗaya, da takalman da ba su da 'yan'uwa. Kalilu, wani siririn mutum mai idon ɓera, ya shimfiɗa wa Alhaji buzu, aka gaisa, aka tambayi ruwa da shinkafa da iyali, sannan aka zo kan magana. Ya fito da famfo biyu. Na farko ɗan ƙarfen nan ne da tiyonsa. Na biyu kuwa sai da mutum biyu suka jawo shi: famfon ƙafa ne na manyan motocin soja, tulu biyu na tagulla, da matakin ƙarfe mai faɗin faranti, da wata murɗaɗɗiyar waya a ƙasa mai kaurin yatsa. Tun da Kalilu ya saye shi ba wanda ya taya, ya zama wurin ɗaure akuya.

Alhaji ya gyara zama ya dubi direbansa. "Malam Irimiya, kai ka san ƙarhe. Mi kag gani?"

Irimiya ya matso. Ya ɗauki ɗan ƙarfen da yatsa biyu kamar mataccen ƙadangare, ya yamutsa fuska yadda ya ga Dinatu na yi wa kifi. Ya ce wannan ai abin wasan yara ne. Da ya ji ƙasa ba ta tsage ta haɗiye shi ba, sai ya ƙara. Ya ce malalatan Turawa ne suka ƙirƙiro shi, yana cin inji, yana shanye mai. Mutane suka fara taruwa, abinka da kasuwa. Wani daɗi da bai taɓa sani ba ya kama shi, daɗin mutumin da ya gano yana da baiwa bayan ya tsufa. Ya ce ba iska yake hurawa ba, tururin fetur ne, kuma ranar da aka cika taya da shi rana ta buga ta, to, sai dai a tsinto hular mai zaman gaba can garin Augie.

Alhaji ya kai hannu ya taɓa hularsa.

Sai Irimiya ya juya kan dodon tagullar. Ya durƙusa da ƙyar ya shafa tulun. Ya ce wannan shi ne famfo, sauran duk kwaikwayo ne. Ya ce irinsa ne ya ci yaƙin Bama, kuma jikokin jikokin 'yan ƙungiya za su gaje shi. Don ya ƙara wa miyar gishiri, har ya ce ba kowace ƙafa ce ke taka shi ba, sai wadda ta san aikin, in ɗan koyo ya hau shi yanzu ya lalata shi. Ya miƙe yana haki, ya koma gefe, ya saci kallon Maigandi. A ransa yana cewa, to, na share muku fage, sai ku taya ɗan banzan nan da na kashe wa kasuwa.

Kalilu ya gane wasan tun daga yatsa biyun farko. Ɗan kasuwa ne, uwarsa ma a kasuwa ta yaye shi. Har ya fara shirya rantsuwar da zai yi cewa ɗan ƙarfen nan ya fi ƙarfin abin da za su taya. Yana jira Alhaji ya shuri ɗan ƙarfen da ƙafa ya ce, to, wannan tarkacen fa, nawa za a bar mana shi don yara.

Alhaji Labbo ya yi gyaran murya, ya nuna dodon tagullar da carbinsa. "Wanga muka so."

Idon Kalilu ya yi wal, ya dubi Irimiya, ya dubi Alhaji, ya dubi akuyarsa da za ta rasa turke. Bai tsaya dogon tunani ba. Ya faɗi wani kuɗi mai sauƙin da ya sa Maigandi ya rasa abin kushewa, ya cafke hannun Alhaji ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka. Jama'a suka shafa. A ƙasar nan kuwa, in an tafa hannu an ce an sallama, magana ta ƙare. Mai tayar da ita ba ya sake shiga kasuwar da mutuncinsa.

Irimiya ya dubi taron. Me zai ce? Ya ce wa taron nan duk abin da suka ji yanzu shiri ne? Ya yi ta ƙifta wa Maigandi ido, har ma'ajin ya tambaye shi ko wani abu ne ya faɗa masa a ciki.

Alhaji ya miƙe ya yi wa jama'a ɗan jawabi, don tun da ya koma kujerar gaba ba ya ganin mutum biyar a tsaye ya ƙyale su. Ya ce zamani ya juya. Yanzu mu ke riƙe da ƙasarmu, dole a bar cinikin ƙauye na kushe-kushe da ɓoye-ɓoye. Ya ce ya lura da yadda Bature yake sayayya: ya tambayi wanda ya sani, ya ji, ya biya, ya tafi. Ya dafa kafaɗar Irimiya ya ce da wani ne ya yi maganar nan, da ya san dabarar ciniki ce, amma wannan bawan Allah ko albasar ubangidansa ba ya rufa wa asiri. Jama'a suka yi ta jinjina kai suna sa wa direba albarka.

Kalilu dai yana da sauran imani. Murnar rabuwa da dodon ta sa ya ɗauki ɗan ƙarfen da tiyonsa ya miƙa wa Irimiya, ya ce ga gyara, a tafi da shi kyauta. Yana miƙawa yana ɗan murmushin da ke cewa, na gane ka, ɗan'uwa, karɓi abinka. Yatsun Irimiya har sun taɓa tiyon.

Alhaji ya daka tsawa ya buge hannun. "Ashsha! Abin da zai tashi da mu sama? Ko kyauta ba ya shiga motag ga." Ya juya ya yi wa Kalilu faɗa a kan neman hallaka bayin Allah, ya ba shi shawara ya jefa abin a gulbi. Kalilu ya ɗaga kafaɗa ya mai da shi cikin kwandon kusoshi.

Da za su koma, Alhaji ya ce ba za a bi burji kai tsaye ba. A ratsa ta fadama, 'yan ƙungiya na ƙauyuka su ga abin da shugabanninsu suka sayo musu. Aka ratsa. Da suka iso bakin rairayi Irimiya ya sauka ya rage iska, kowace taya tana huci yana jin kamar daga ƙirjinsa take fita. Landiroba ta bi ta cikin rairayin lafiya lau, ta ƙauye biyu, a kowanne an tsaya an sauke famfon an yi masa kallo. Rana ta karkata lokacin da suka fito kan burji, kusa da wata tsamiya. Manoma masu dawowa daga gona suka tsaya. Aka shimfiɗa wa Alhaji da Maigandi tabarma.

Irimiya ya ɗaura tiyo a tayar farko, ya ɗora ƙafa, ya danna. Matakin bai motsa ba. Sai da ya hau da dukkan nauyinsa sannan abin ya sauka da wani gurnani, ya kuma dawo sama da ƙarfi ya bugo gwiwar. Zafin ya tafi har cikin haƙoransa. Ya sake dannawa. Kafin tayar farko ta tashi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, idonsa na ganin wuta-wuta.

Ya saki famfon ya ɗingisa zuwa gindin tsamiya, ya durƙusa a kan gwiwar hagu. Kunya kamar ta kashe shi, amma tsoro ya fi ta.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Abin da na faɗa a rumfar Kalilu ba haka ba ne. Ƙaramin nan shi ne mai kyau, ba ya fasa komai. Na kushe shi ne don a rage mana kuɗi. Ƙarya na yi. A taimake ni a koma a karɓo shi, gwiwata ba za ta iya da wannan ba."

Alhaji ya dube shi, ya dubi Maigandi, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Maigandi ma, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, ya taya shi.

"Malam Irimiya," in ji Alhaji yana share hawaye, "yau dai kay yi ƙarya, ga ta nan munka ji ta yanzu. Kuma wallahi ba ka iya ba. Gajiya ta, ba komi. Tashi ka ƙarasa, kowa na gajiya."

Wani ƙaƙƙarfan manomi cikin masu kallo, mai ƙafa kamar turmi, ya ajiye fartanyarsa ya ce a bari ya taka masa, ai ba wani abu ba ne. Irimiya ya ɗago kai kamar wanda aka miƙo wa ruwa. Alhaji ya ɗaga carbi ya tsai da mutumin. Ya bayyana masa cikin natsuwa cewa wannan ba irin famfon da ya sani ba ne, ba kowace ƙafa ce ke taka shi ba, sai wadda ta san aikin, masani ne ya faɗa da bakinsa. Manomin ya ba da haƙuri ya ɗauki fartanyarsa.

Irimiya ya koma. A taya ta biyu ya daina jin hirar da ake yi a gindin tsamiya. A ta uku wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar, ƙaramar ƙara ce, shi kaɗai ya ji ta. Ta huɗun da ƙafar hagu ya cika ta, yana rungume da murfin inji. Da ya zauna a mazauninsa ya nemi ɗaga ƙafar dama zuwa totur, sai da ya sa hannu biyu ya ɗauke ta ya ajiye. Haka ya jawo motar a hankali, ba ya yarda ta yi gudun da zai buƙaci birki. A mashigar gari wani jaki ya gitta, ƙafar ta ƙi tashi, ya fizgi birkin hannu, hular Alhaji ta daki gilashi. Alhaji ya gyara hularsa. Ya dai dubi ƙafar, ya daɗe yana dubanta.

Ana kiran magariba suka tsaya a ƙofar gidan Irimiya, don Alhaji ya ce yau a fara sauke direba, a bar motar nan, shi da ma'aji za su ƙarasa a ƙasa. Dinatu ta fito da gudu tana goge hannu a zane. Ta gaishe da manya, ta zagayo ta wajen tagar mijinta, ta rage murya.

"Ka kushe shi?"

"Na kushe."

"Sun yarda?"

"Sun yarda."

Har ta fara murmushi, sai ta ga bai buɗe ƙofa ba. Ta buɗe da kanta. Ta ga ƙafar wandon ta ɗame kamar za ta yage, ta leƙa baya ta ga tulun tagulla biyu suna ƙyalli. Ta sa kafaɗa ta tallabo shi ya sauko.

Alhaji Labbo ya zagayo yana ta sannu. Mutum ne mai tausayi, kowa ya shaida. Ya ce ya ga abin da ya faru a mashigar gari, kuma ba zai yarda a ci gaba da wahalar da bawan Allah da tuƙi ba. Daga gobe Abdussamadu zai karɓi makulli. Ya miƙa hannu, Irimiya ya zuba masa makullin a tafi.

"Amma kada ka sa damuwa, ba mu yasshe ka ba," in ji Alhaji. "Kwamiti ba ya mance mai gaskiya. Duk tahiyar da za a yi kana ciki, ga benci nan baya. Tuƙi kowa na iyawa. Famfon ga kuwa, kai kaɗai ka san kanshi, kuma na ga ta hagun ma ta iya."

Ya yi musu sai da safe, shi da Maigandi suka nufi masallaci. Dinatu ta tsaya riƙe da mijinta a bakin ƙofa, nauyinsa duk a kafaɗarta. Can ta ce masa ya ɗaga ƙafar a hankali, akwai dokin ƙofa.